Littattafan Da Yaranmu Za Su Ga Kansu A Ciki

Akwai wata magana da baƙaƙen fatar Amurka suka daɗe suna yi, wadda mu ke so malaman makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su saurara, ko da ya ke daga nesa ta fito. Maganar kuwa ta littattafan yara ce. Cikin 1965 wata malama, Nancy Larrick, ta ƙidaya littattafan yara 5,206 da aka buga a ƙasar daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 kaɗai ke da baƙin mutum a ciki. Watau sai yaro baƙi ya karanta littafi goma sha huɗu kafin ya gamu da mai kama da shi a na goma sha biyar. Ba su tsaya ga kuka ba, suka zauna suka rubuta nasu, har daga 1970 aka fara ba da lambar yabo ta Coretta Scott King ga marubutansu na littattafan yara.

To, wani zai ce ina ruwan biri da gada? Ai mu nan duka baƙaƙe ne. Lalle haka ne, amma a garuruwanmu ne a ke cewa "fara ko mayya ce", a kasuwanninmu ne kuma a ke sayar da man sauya launin fata, har an kai ga waɗansu iyaye suna shafa wa 'ya'yansu ƙanana. Yarinyar da ta tashi tana jin haka a gida, in ta buɗe littafi a makaranta ta ga duk kyawawan ciki farare ne masu dogon gashi, wa zai gaya mata ita ma kyakkyawa ce?

Magabatanmu sun yi nasu ƙoƙari, ba mu raina ba. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya cikin 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga baya Magana Jari Ce ta biyo. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma littafin adalci ne tun kafin a san ana kiransa haka, gama ya nuna wa yaro ciwon bauta ta hanyar uwa mai ƙetare sahara neman ɗanta. Sai dai mu faɗi gaskiya, yawancin labaran da muka gada na fada ne da birni. Cikin labaranmu na ban dariya baƙauye shi ne wawa, Bafillace shi ne abin zolaya, Bamaguje kuwa ba a ambatonsa sai in za a yi masa dariya. Waɗannan da a ke yi wa dariya su ne kuwa iyayen yaran da ke zaune a azuzuwan kudancin Kano.

Duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa dajin Falgore ya san ƙasar nan ba ta mutum iri ɗaya ba ce. Akwai Hausawa Musulmi, akwai Maguzawa, waɗansunsu sun musulunta waɗansu sun zama Kirista, akwai Fulani makiyaya a gefen daji, akwai Kurama can wajen iyakar Jihar Kaduna. 'Ya'yansu benci guda su ke zama. In littafin da ke hannunsu bai san da zaman uku daga cikin huɗu ba, to, ya koya wa na huɗun cewa shi kaɗai ne ɗan ƙasa. Ba mu manta da fitinar da ta tashi a Tudun Wada cikin Satumba 2007 ba, wadda ta faro daga 'yan makaranta, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone majami'u da gidaje. Ba mu ce littafi kaɗai zai hana irin wannan ba. Amma yaron da ya taɓa karanta labarin da ɗan maƙwabcinsa ne jarumin ciki, hannunsa ya kan yi nauyi wajen ɗaukar dutse.

Abin rubutawa kuwa ga shi nan jibge. Mutanen Riruwai suna narka kuza suna kai wa fatake tun Turawa ba su zo ba, yara nawa ne a Doguwa suka taɓa ganin wannan a rubuce? Ga masuntan madatsar Tiga, wadda aka gama cikin 1974 zamanin Audu Bako. Ga yarinya mai tallar nono, ga almajiri da ɗan boko waɗanda uwa ɗaya ta haifa.

Sabo da haka ba mu ga amfanin a yi odar littattafan Amurka a jibge a ofis ba, gama cutarsu dabam tamu dabam, ko da ya ke sun yi kama. Abin da za mu ara gare su shi ne himma. Malamin firamare ya fi kowa sanin kalmomin da ɗan shekara bakwai ke iya karantawa, shi ya kamata ya rubuta. Shafi goma sha shida ya isa. Amma fa labari mu ke so mai daɗi, ba wa'azi ba, don yaro ya kan gane in an naɗe masa magani cikin tuwo. Mai zane kuma ya zana yara baƙaƙe wuluk kamar yadda Allah Ya halicce su, kada ya wanke su.

Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin 2024. Muna roƙonta, cikin kuɗin gina azuzuwa ta ware kaɗan don buga irin waɗannan littattafai. Sakatarorin ilmi da akawunan ƙananan hukumomin nan huɗu, magadan En'e, su haɗa kai su sa gasa tsakanin malamansu irin ta 1933, kowace ƙaramar hukuma ta fid da labari biyar, a tara ashirin a aika wa Ma'aikatar Ilmi a Kano kafin hutun ƙarshen shekara.