Bayan An Sako Wanda Aka Sace

Wanda aka yi garkuwa da shi yakan dawo gida da abin da likitoci ke kira ciwon firgici, wato halin da ƙwaƙwalwa ke ta maimaita masifar da ta wuce, har ƙarar babur ta sa mutum zabura, barci kuma ya gagare shi. Matan da aka ceto daga hannun Boko Haram, har da wasu cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, sun tarar da abin da ya fi haka ciwo, domin ana kiran su matan 'yan ta'adda, ana ƙyamar 'ya'yan da suka dawo da su a goye, kamar su ne suka aikata laifin. Wannan zalunci ne na biyu, kuma daga maƙwabta yake fitowa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar da haƙƙin samun kulawa, amma likitocin fannin sun taru a manyan asibitoci kamar na Maiduguri da Kaduna, nesa da ƙauyukan da ake kai wa hari.