Alkamar Jamus a Tukunyar Badariya: Lissafin Abin da Za Mu Biya

Tun da ciwon suga da hawan jini suka zama ruwan dare a gidajenmu, duk hatsin da aka ce yana da lafiya sai ya samu kasuwa. Da farko tuwon alkama ne ya yi tashe. Magidanci ya dawo daga asibiti, ya ce wa maiɗakinsa an hana shi tuwon shinkafa, daga ranar a shiga tuƙa masa nasa daban. Yanzu kuma wani suna ya fara shigowa bakin masu neman abinci mai gyara jiki, wato sifelt, wata tsohuwar alkama da ake nomawa a kudancin Jamus da Suwizalan da Beljiyam da arewacin Sifaniya. Masu yabonta suna cewa ta fi alkamarmu sauƙi a ciki, ana cin ta da dusarta, kuma tun zamanin kaka da kakanni Turawa suke ci, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Hatsi ne na ƙwarai, ba na musun haka. Sai dai kafin uwargida a Badariya ko Gesse ko Argungu ta ɗora tukunya dominta, ya kamata a zauna a yi lissafi, a ga me za a biya, me kuma za a samu.

Kuɗi ne farkon lissafi. Ko a Turai inda ake noma ta, garin sifelt ya fi garin alkama tsada, saboda abin da gona take bayarwa bai kai na alkamar zamani ba, ga kuma ƙarin aikin casa. Mu nan da kuɗin waje za a saye ta, a yi dakonta a jirgin ruwa zuwa Legas, a biya kuɗin fito, sannan mota ta kwana tana hanya kafin ta iso Birnin Kabi. A watan Mayun 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A tsakanin nan aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Duk wannan a kan mai saye yake ƙarewa. Kuma ba a mudu ko tiya ake auna ta ba, a 'yar leda ta rabin kilo ko kilo ɗaya take zuwa. Gidan da ake auna tiya guda don tuwon dare kaɗai, leda nawa zai buɗe a mako? Abin da zai faru shi ne a saya wa maigida shi kaɗai, yara da mata su ci gaba da cin abin da suka saba, alhali ciwon da ake gudu yana bin jinin gidan gaba ɗaya.

Wani zai ce to a nemo iri a shuka a fadamarmu. Nan ma akwai lissafi. Mafi yawan irin sifelt na hunturun Turai ne: a shuka a watan Oktoba, ya sha sanyi mai tsanani na makonni, wani lokaci a ƙarƙashin ƙanƙara, sannan ya fitar da kai, a girbe a Yuli ko Agusta. In bai sha wannan sanyin ba, ganye zai yi ta yi. Sanyinmu kuwa ɗan gajere ne. Manomin alkama a fadamar Rima ya san in bai shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riski alkamar tana cikin ɗaukar ido, ƙwayar ta tsuke. Saboda haka ne Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta shafe shekaru tana fitar da irin da yake jure zafi, irin su Atilla Gan Atilla da Norman da Reyna-28. Sifelt doguwa ce, karanta yakan kwanta in taki ya yi mata yawa. Manomin da yake sayen fetur kullum don injin ban ruwa ba zai jefa gonarsa a caca da irin da ba a gwada wa ƙasarsa ba, kuma yana da gaskiya.

Ko alkamar da muka sani ma ba mu kai ga ƙosar da kanmu da ita ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi kan noman 2021 ya nuna abin da aka girbe a faɗin Nijeriya bai kai tan 40,000 ba, Kano da Jigawa da Kabi suna kan gaba, alhali abin da ake shigo da shi kowace shekara ya haura tan miliyan 4. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 da fatan a noma a gida. Fulawa ta yi ta kwararowa ta kan iyakoki, burodi ya yi tsada, a 1992 aka janye dokar. An yi yunƙurin cuɗa garin rogo cikin burodi a zamanin Obasanjo, aka sake a zamanin Jonathan, abin bai zauna ba. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo nan Jihar Kabi ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Banki, don shinkafa da alkama. Shinkafar ta amsa, domin ƙasar tata ce. Alkamar har yau tana rarrafe. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, mai shayi a bakin tasha ya ji shi a farashin burodi. Ƙasar da take cikin wannan hali, ƙara mata wata alkamar da dole sai an sayo daga waje ƙarin nauyi ne.

Sai batun casa. Alkamar zamani in an sussuke ta, ƙwayar takan fito tsirara, a sheƙe a zuba a buhu. Sifelt kuwa ƙaiƙayinta manne yake da ƙwayar kamar na shanshera, sai an sa ta a injin ɓare na musamman, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin, ko fiye, a ƙaiƙayi yake tafiya. Manyan masana'antun da muke da su, Labana a Birnin Kabi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, na shinkafa ne. Ƙananan injinan unguwa kuma an daidaita su ne don gero da dawa da masara. Babu wanda zai sayo sabon inji don hatsin da buhunsa ɗaya bai taɓa sauka a kasuwar Jega ba.

Mu shiga madafa. Ƙwayar sifelt tana buƙatar jiƙo na dare guda, sannan ta yi kusan awa ɗaya a kan wuta kafin ta yi laushi. Wannan gas ne ko gawayi ko itace, kuma kowace uwargida ta san yadda kuɗinsu ya koma. Garinta ma yana da nasa hali. Danƙon da ke cikinsa mai saurin saki ne, in aka cika murza ƙullin sai ya sake ya baje. Mai yin taliya ta san ƙullin da ba shi da ƙarfi ba ya jure ja da shanya. Mai funkaso da mai alkaki za su iya gano kansa, amma sai sun ɓata ƙulli da yawa kafin hannu ya saba, kuma gari mai tsada ba abin koyo ba ne. Ga ajiya. Duk garin da aka niƙa da dusarsa da ƙwayar tsironsa yana ɗauke da mai, man nan kuwa zafi yana lalata shi. Ajiya a firji ce take tsare shi. A Birnin Kabi, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, wuta kuma ba kullum ba. Garin da ya yi watanni a jirgi da sito da kanta zai iya isowa ya riga ya fara ɗaci, ko ƙwaro ya shige shi.

Lissafin da ya fi damuna shi ne na lafiya, domin nan ne kuskure yake cin rai. Sifelt alkama ce. Danginsu ɗaya, kuma sinadarin gulutin da ke cikin alkama yana cikinta. Dokar Tarayyar Turai kan rubutun kayan abinci ta sa ta cikin jerin hatsin da dole a yi gargaɗi a kansu. Duk wanda likita ya tabbatar masa da cutar siliyak, wadda gulutin yake lalata wa mai ita hanji, in ya ci sifelt da sunan sauyi ya cuci kansa. Mai ciwon suga ma ya duba da kyau. A cikin giram 100 na sifelt akwai wajen giram 60 na sinadarin da jiki yake mayarwa suga. A garin alkama mai dusa ma kusan haka ne. Abin da ke taimaka wa hanji, wanda ake samu a dusa, wajen giram 11 ne a kowannensu. Furotin ɗin sifelt ya ɗan ɗara, kusan giram 15 a kan 13, ratar da cokali biyu na wake za su cike. Haɗarin shi ne mutum ya ji ya sayi abu mai tsada daga Turai, ya ɗauka magani ne, ya cika kwano da malmala uku, ko ya yi sakaci da maganin asibiti. Mun ga haka da tuwon alkama. Mutane da yawa sun koma kansa suna ci ba awo, suna cewa ai wannan ba ya tayar da suga, awon jininsu kuwa yana faɗin wani abu daban.

To me ya rage wa sifelt bayan an cire duk wannan? Ɗanɗanonta mai daɗi ne, kuma masu sayar da ita sun faɗi gaskiya guda: hatsin da aka ci da dusarsa ya fi wanda aka tace. Amma wannan gaskiyar ba ta sifelt ba ce ita kaɗai. Ta kowane hatsi ce, har da waɗanda suke cikin rumbunanmu. In tsufa ake nema, masu binciken kufai sun samu shaidar noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Jar shinkafar gargajiya da ake nomawa a fadamun Argungu da Augie da Bunza 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. Ga dawa, ga maiwa, ga acca daga Filato da kudancin Kaduna da Bauci. Babu ko ɗaya cikinsu mai gulutin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, tana kira ga duniya ta koma kan abin da mu muke sha a fura kullum.

Matsalar tana ga abin da muke yi wa hatsin kafin ya shiga tukunya. A kai gero inji a surfe shi tas, a wanke, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, a kwashe dusar a bai wa tumaki. A goge shinkafa har ta yi fari fat, don ita ce ake yabo a gidan biki. Mun ɗauki farin tuwo alamar wadata da iya girki, tuwo mai duhu kuma na marasa hali. Abin da ake son mu saya da dala daga Jamus, shi ne muke biyan mai inji ya cire mana.

Adalci ya sa in yi wa tawa shawarar irin lissafin da na yi wa sifelt, domin ita ma ba kyauta ba ce. Tuwon da ba a surfe sosai ba yana da duhu da ɗan kaushi, yara za su yi ƙorafi kafin su saba. Garinsa ba ya daɗewa, don haka sai an riƙa niƙa kaɗan-kaɗan, na kwana uku ko huɗu, wanda yake nufin yawan aike wajen mai inji. Surfe yana cire datti da wani ɓangare na fumfuna da ragowar maganin ƙwari da wasu suke zuba wa hatsi a sito. Wanda zai rage surfe dole ya san wajen wanda yake saye, ya tsince, ya wanke sosai, ya shanya ya bushe. Acca tana da tsada kuma tana da yashi, wankinta sai mai haƙuri. Jar shinkafa ta fi farar cin wuta. Kuma gero ma yana tayar da suga in aka ci ba awo, balle a dama fura a zuba mata sukari. Waɗannan duka nauyi ne, kuma mafi yawansu a kan mata za su sauka, don haka magidancin da yake son a sauya masa tuwo ya sauya kuɗin cefane da na niƙa tare.

Bambancin shi ne wannan nauyin da naira ake biyansa, kuma kuɗin a hannun manomin Kalgo da Suru da Gwandu da mai injin unguwa yake tsayawa. Gidan gaba ɗaya ne zai ci, daga tukunya ɗaya. Mai son alkama ma ba a bar shi a baya ba: ta gida tana fitowa kasuwa bayan girbin Maris, a saya, a wanke, a niƙa ta da dusarta, an samu kusan duk abin da sifelt take da shi.

Wanda Allah ya hore wa, ya ga sifelt a kanti a Abuja ya yi sha'awa, ya saya ya ɗanɗana, babu laifi. Amma kada a sayar wa mai ciwon suga ita da sunan magani, kada kuma a sa talaka ya ji cewa lafiyarsa tana cikin ledar da ba zai iya saye ba. Ma'aikatan lafiya da suke ba marasa lafiya shawarar abinci su yi magana da sunayen da ake ji a kasuwa, su faɗi girman malmalar da za a ci da yawan miyar ganye da waken da za a haɗa. Mu kuma a gida, aikin da ke gabanmu ƙarami ne kuma yau ake iya fara shi: in an aiki yaro inji, a ce masa ya gaya wa mai injin ya sassauta surfe, uwargida kuma ta ajiye rariya mai laushin nan ta ɗauko mai faɗin ido.