Ɗan kwaleji da bai iya rubuta takardar koke ba

Ƴan kasuwa, iyayenmu mata, yau da ku muke magana. Da yawanku na da ɗa ko ɗiya a kwaleji. Kun sayi kaye da bik, wasu har suna biyan mushe kowane wata don darasin gida. To ku gwada yaron yau da dare: ku ce ya rubuta muku takardar koke zuwa ga magajin gari a kan kuɗin rumfa. Sau da yawa sai ku ga ya yi tsuru yana tauna bik.

Ba daƙiƙi ba ne. Ya haddace ƙa'idojin nahawun Faransanci, yana rera su kamar karatun allo. Abin da bai saba ba shi ne jera magana: me ya faru, a ina, don me, me ake nema. Shekara 4 ake yi a kwaleji, ƙarshenta jarrabawar BEPC, kuma insha'i na can yana jiran shi. Ba mu ɗora wa malamai laifi duka ba. Wanda ajinsa ya cika maƙil, in ya ba da insha'i ɗaya, kwana nawa zai yi yana gyara?

Jera magana kuwa sana'arku ce. Mai sayar da tumatir a kasuwar Dole ta Damagaram, in tana ba da labarin yadda dillali ya cuce ta, ba ta farawa daga wutsiya. Ta faɗi ranar, ta faɗi kwando nawa, ta kawo shaida, sannan ta faɗi abin da take bin shi. Insha'i ke nan, ba a dai sa shi a takarda ba.

Saboda haka ko ba ki taɓa shiga lakwal ba, kina iya taimako. Ki sa yaro ya ba ki labarin da Hausa tukuna. In ya tsallake wani wuri, ki tare shi. In maganar ta miƙe, ya rubuta ta da Faransanci, ya karanta da ƙarfi, ya mayar miki da Hausa jimla bayan jimla. Jan bik a kan kuren nahawu aikin mushe ne, ki bar masa.

Hukuma ma da nata. Tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa a makarantar Zengu ta Damagaram, kuma a 2025 dokar ƙasa ta mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci harshen aiki. Muna kira a riƙa ba ƴan kwaleji insha'i da Hausa ma, a ba shi maki.

Kafin nan, a rage wa yarinya rabin awa cikin tallan marece, a miƙa mata littafin bashi, ta rubuta wa ya ɗauki kaya, yaushe, da sharaɗin da aka yi, da cikakkiyar jimla.