Sauri Ya Haifi Nawa: Wuƙar Aljihu Ba Ta Bukatar Sifirin

Wuƙar aljihu mai naɗewa iri biyu ce a kasuwar yau. Akwai wadda yatsa ke buɗewa tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma wadda aka ɓoye wa sifirin a cikin mariƙinta, da zarar an ɗan tura ruwanta sai ta fizge ta ƙarasa buɗe kanta. Masu tallar ta biyun suna kiranta ci gaba. Gaskiyar magana ita ce, magani ne aka haɗa wa cutar da babu ita.

Dabarar ta samo asali a Amurka cikin shekarun 1990, ta kuma yi fice a 1998, lokacin da kamfanin Kershaw ya fito da tsarin SpeedSafe na maƙeri Ken Onion. Babbar hujjar magoya bayanta ita ce buɗewa da hannu ɗaya. Sai dai tun a 1981 kamfanin Spyderco ya warware wannan matsala ta hanyar huda rami a ruwan wuƙa, inda babban yatsa ke shiga ya murza ta ta buɗe. Abin da sifirin ya ƙara bai kai daƙiƙa guda ba. Wane mai yanke igiya ko feraye rake ne ya taɓa yin asara saboda daƙiƙa guda?

Kuma sifirin ba ya kyauta. Abin da ya bayar wajen buɗewa, sai ya karɓe shi wajen rufewa, domin dole mai wuƙa ya danne ruwan da ƙarfi kafin ƙarfen ya sake tanƙwaruwa. A yawancin irin waɗannan wuƙaƙe, makullin yana kan hanyar da kaifi zai bi, nan ne kuma babban yatsa yake a daidai lokacin. An sauƙaƙa aikin da ba shi da haɗari, an tsananta wanda ke yanka mutum.

Sannan duk ƙarfen da ake tanƙwarawa kullum, wata rana zai gaji ya karye. A wasu samfurori, sifirin ɗin ne ke riƙe ruwan a rufe. Idan ya karye, tsini na iya leƙowa cikin aljihu. A gwada wannan da wuƙar Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Sassanta biyar ne kacal, babu sifirin ko ɗaya. Idan ƙura ta shige ta, a goge, a ɗiga mai, aiki ya ci gaba.

Ga kuma doka. A 1958 Amurka ta takaita cinikin wuƙaƙen da ke buɗe kansu da maɓalli, kuma sai da majalisa ta gyara dokar a 2009 kafin ta fayyace cewa mai taimakon sifirin ba ta cikinsu. Birtaniya ta hana sayar da irin waɗancan tun 1959, ta faɗaɗa ma'anarsu a 2019. Wadda dokarta ta yarda a riƙa yawo da ita ba tare da ba da dalili ba, ita ce mai naɗewa marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Kayan aikin da sai lauya ya bambanta shi da makami, nauyi ne ga matafiyi.

Ba a musun cewa mai ciwon gaɓoɓi, ko ma'aikaci mai safar hannu mai kauri, zai amfana da sifirin. Wannan lalura ce, kuma lalura ba ta zama ƙa'ida ga kowa. Sauran masu saye ƙarar “ƙas!” ɗin buɗewa suke biya wa kuɗi. Darajar wuƙa tana ga kaifinta, da ingancin ƙarfenta, da yadda take bin umarnin hannun da ya riƙe ta. Wadda ke riga mai ita yanke shawara ba ta cancanci zama a aljihunsa ba.