Man Tsabtace Hannu da Iyakar Ƙarfinsa a Fadamar Haɗeja

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani, amma kowane rigakafi yana da wurin da yake aiki da wurin da ƙarfinsa yake ƙarewa. Tun daga shekarar 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, jama'ar ƙasar nan suka fara sabawa da 'yar kwalbar man tsabtace hannu, wanda ake kira sanitaiza. Da cutar korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020, sai man ya cika bankuna da ofisoshi da makarantu, har ya isa kantunan Haɗeja da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, man yana da amfani na gaskiya, to amma a ƙasa irin ta fadamar Haɗeja bai kamata ya sha gaban sabulu da ruwa mai tsabta ba, ko a gida ko a makaranta.

Ya kamata ɗalibi ya fara sanin yadda man yake aiki. Babban abin da ke cikinsa shi ne sinadarin alkohol, dangin sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin a yi allura. Jikin ƙwayar bakteriya an gina shi ne da furotin, an kuma lulluɓe shi da wata tantani mai maiƙo. Idan alkohol ya taɓa ƙwayar, sai ya narkar da tantanin, ya sandarar da furotin, ƙwayar ta mutu. Malamin kimiyya zai iya nuna wannan a aji ba tare da madubin ƙara girma ba: ya zuba farin ɗanyen ƙwai a kofi, ya tsiyaya masa sifirit, nan take ɗalibai za su ga ya yi fari ya dunƙule kamar an dafa shi. Abin mamaki, tsantsar alkohol ba ta kai wadda aka surka da ruwa kaifi ba, domin ruwa yana taimakawa wajen sandarar da furotin, yana kuma hana man saurin bin iska. Shi ya sa haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ya ƙunshi alkohol kashi 80 cikin 100, tare da ɗan gilisarin don kada fata ta bushe. Duk man da alkohol ɗinsa bai kai kashi 60 ba, ba abin dogaro ba ne.

A asibiti, amfanin man ba abin musu ba ne. Tun a 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya nuna a birnin Biyana cewa mata masu jego suna mutuwa saboda cutar da hannun likitoci ke ɗaukowa, kuma da ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai. Ma'aikaciyar jinyar da za ta taɓa majinyata da dama a sa'a ɗaya ba za ta iya zuwa famfo kowane lokaci ba. Gogawa da man na daƙiƙa 20 zuwa 30 ta wadatar mata, muddin babu dauɗar da ido ke gani a hannunta. Game da masu ƙyamar man saboda dangantakarsa da barasa, majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da alkohol wajen tsabtace fata da rauni, kuma asibitocin Saudiyya suna aiki da shi.

To amma rayuwar fadama ba irin ta ɗakin majinyata ba ce. Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa su haifar, shi ne abincin manomin shinkafa da masunci da makiyayi tun daga Auyo har zuwa Guri da Kiri Kasamma. Hannun waɗannan bayin Allah kullum yana cikin taɓo da ƙarnin kifi da taki. Alkohol kuwa ba ya wanke dauɗa. Yana kashe abin da ya taɓa ne kawai, ƙwayar da ta ɓuya ƙarƙashin laka ko maiƙo kuwa ta tsira. Sabulu aikinsa dabam ne: yana kama maiƙo da ƙasa, ruwa ya tafi da su tare da ƙwayoyin da ke manne a jiki. Bugu da ƙari, akwai masu cutarwar da alkohol ba ya iya musu sosai, kamar ƙwan tsutsar ciki da wasu ƙwayoyin da ke sa yara gudawa. Ita kuwa tsargiya, wadda ta addabi yaran da ke wanka a kududdufai da magudanan da kacalla ta toshe, tsutsarta tana fitowa ne daga jikin katantanwa ta huda fata a cikin ruwa, don haka babu ruwanta da abin da aka shafa a tafin hannu.

Babbar barazanar ita ce amai da gudawa. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A 2022 ambaliya ta mamaye garuruwa da gonaki masu yawa a masarautar Haɗeja, jama'a da dama suka koma zama a azuzuwan makarantu. Idan ruwa ya yi ambaliya, yakan cika masai ya kwaso abin da ke ciki ya zuba a rijiyoyi. Gaskiya ne alkohol yana kashe ƙwayar kwalara idan ya same ta a hannu, sai dai babbar hanyarta ita ce ruwan sha da abincin da ya gurɓata. Wanda ya goge hannu sau goma sannan ya ɗebi ruwan randar da aka cika daga gurɓatacciyar rijiya, bai kare kansa daga komai ba. Abin da zai cece shi shi ne tafasa ruwa ko sa masa kulorin. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma garau ɗin ba shaidar mutuwar ƙwayoyin cuta ba ce.

Wani zai ce, ai a lokacin ambaliya ruwa mai tsabta ne yake wuya, ashe ke nan a nan ne man ya fi amfani. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ga mai tafiya a kwalekwale, ko ma'aikacin lafiya da ke zagaya sansanin waɗanda ruwa ya kora, kwalbar man ta fi babu nesa ba kusa ba. Kuskuren da ake gudu shi ne a raba kwalabe a ɗauka an gama aiki. Kwalba takan ƙare cikin 'yan kwanaki, kuma talaka ba zai iya sake saye ba, alhali kuɗin da ya saye ta zai sayi sabulun da zai daɗe yana yi wa iyali aiki.

Saboda haka, shugaban makarantar da yake da kuɗi kaɗan ya fara da bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar makewayi da wurin cin abinci, ya tabbatar ana wanke hannu na daƙiƙa 40 zuwa 60, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Man tsabtace hannu ya zauna a ɗakin shan magani da ɗakin gwaje-gwaje. Wanda za a saya, a duba lambar hukumar NAFDAC da adadin alkohol a jikin kwalbar, domin a 2020 an gano wasu a Amurka da aka haɗa da metanol, guba mai makantarwa da kisa. A rufe kwalbar da kyau don zafin bazara yana tsotse alkohol, a nisanta ta daga risho da murhu don tana kama wuta, a kuma ɗauke ta daga inda ƙananan yara za su kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan kogi yakan cika ne a watannin Agusta da Satumba, don haka tun kafin damina ta kankama ya dace a ɗaga bakin rijiyoyi, a gyara makewayi, a tanadi kulorin da sabulu. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa farin ƙwai ya dunƙule a cikin sifirit, ya kuma san dalilin da ya sa sifirit ɗin ba zai gyara ruwan randa ba, shi ne zai koma gida ya yi wa iyayensa bayani kafin ruwa ya iso bakin jinga.