Ku bar littafin, ku tambayi ciwon

Kwanan nan surutu ya yi yawa a kan littattafan Hausa da matanmu ke saurare a waya ta WhatsApp da YouTube. Wai suna lalata tarbiyya. Wai yanzu tauraruwar labari ba ta da kunya: ta yi ƙarya, ta ɓoye sirri shekara goma, ta ƙulla wa wanda ya cuce ta tun tana ƙarama makirci. To, ni dai ban yarda a hana ba.

Wannan kukan ba sabo ba ne. A 2007 gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafai a Kano. Aure nawa wutar nan ta gyara?

Ku duba Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. An cire Abu daga makaranta, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma, ta gudu. A idon masu wa'azin bakin kasuwa, Abu ta saɓa wa iyaye, shi ke nan. Amma ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka aurar da ita, ta san abin da take faɗi. Mu kuma nan Nijar, a ƙididdigar UNICEF, mata 76 cikin 100 ana aurar da su ne kafin su kai shekara 18. Wace unguwa ce tsakanin Magaria da Dungass ba ta da Abu?

Za ku ce ai na yanzu sun wuce gudu, har guba ake sawa a tuwo. Gaskiya ne, kuma wasu marubutan shirme suke zubawa don a saya. Amma a 2014 an gurfanar da yarinya 'yar shekara 14 a kotun Gezawa, jihar Kano, bisa zargin ta zuba wa angonta maganin ɓera a abinci, mutum huɗu suka mutu. Wannan fa ba littafi ba ne. Littafi mai kyau ba ya wanke irin wannan yarinya, sai dai ya shigar da kai cikin kanta, ka ji daren da ba ta iya barci, ka ji tsoron da aka ce mata ta yi haƙuri da shi.

A nan idan amarya ta daina magana, tana firgita da dare, me muke cewa? Aljanu. A kai ta ruƙiyya, a yi hayaƙi, a mayar da ita ɗakin. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce: "'Yata, me aka yi miki?" Wayar da kuke son ƙwacewa, nan ne kaɗai ta taɓa jin an yi wa wata wannan tambayar.