Shin Gidan Sarki da Gidan Bature Kaɗai Ne Tarihi?

Mu da muka taso a Utai, ranar da makaranta ta kai mu ziyara birni, wuri biyu mota ta tsaya: Gidan Makama, wanda ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Daga nan aka ce mun ga tarihin Kano.

Haba jama'a! Sarakuna ne suka kora jakuna zuwa Gwanja ɗauko goro? Da Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi jinjina wa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina, a kai har Tambutu da Tarabulus. Fatake ne suka yi wannan aiki, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ina gidajensu? Kundila, attajirin da Kano ta yi ji da shi a ƙarni na 19, yau a bakin yawancinmu sunan rukunin gidaje ne kurum.

A birnin New York na Amurka akwai gidan wani ɗan kasuwa, Seabury Tredwell, ginin 1832, wanda aka mayar gidan tarihi a 1936. Har ɗakin barorinsa ana nuna wa baƙi. Mu kuwa, magada su raba, damina ta ci soro, a kawo bulo a jera shaguna.

Wani zai ce, don me 'ya'yan talakawa za su yi wa mai dukiya kuka? Saboda ba shi kaɗai ya kwana a gidan ba. Akwai bayi, akwai 'yan dako, akwai masaƙan ƙauye da suka durƙusa a zaure ana taya guminsu. Waɗannan ba su bar littafi ba. Ran da aka rushe zauren, an shafe sawunsu ke nan.

Muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ta sayi gidan fatake ko da guda ɗaya, a Koki ko a kewayen Kasuwar Kurmi. Jami'armu ta Wudil, wadda tun 2022 take amsa sunan tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, tana da ɗaliban zanen gine-gine. A ba mu izini mu auna, mu zana, mu ɗauki bayanin tsofaffin unguwa kafin damina ta sauka.